Tattakin yamma da aikin sa-kai: inda ƙungiyoyin matasa suka fi yin tuntuɓe

Mu 17 muka hau dutsen, mu 16 muka sauko. Ba wanda ya ankara sai da muka iso inda muka ajiye motoci, wata daga cikinmu ta ce, "Wai ina sabon nan mai jar hula?" Aka yi ta kallon-kallo. Ranar ce zuwansa na farko, wanda ya gayyato shi bai zo ba, ba mai lambar wayarsa, sunansa ma ba wanda ya riƙe. Haka muka juya da tocilan waya muna ta ƙwala kiran "ɗan'uwa! ɗan'uwa!" cikin duhu. Sai bayan kusan minti 40 muka same shi zaune a kan wani falalen dutse. Ashe tsayawa ya yi ɗaure igiyar takalmi a wata mararraba, ko da ya ɗago ba kowa, ya bi hagu, mu kuwa dama muka yi. Ko ƙwarzane bai yi ba. Amma daga ranar ba mu sake ganinsa ba.

Ni ne jagoran tafiyar, kuma ina can gaba ina ta zuba surutu da masu ƙarfin ƙafa irina.

Ƙungiyoyin hidima na matasa, ko Rotaract ce da ƙungiyar hidima ta duniya Rotary ta kafa a 1968, ko Leo ta takwararta Lions wadda ta faro a 1957, ko wadda abokai suka haɗa da kansu, kusan duk abu biyu ne ke cika musu kalanda: fita tattaki da yamma bayan an tashi daga aiki ko makaranta, da kuma aikin sa-kai a ƙarshen mako. Na daɗe ina ɗaukar su a matsayin abu biyu daban. Daga baya na gane kuskure ɗaya muke maimaitawa a dukkansu: da mutanen gaba muke yin shiri, na baya kuwa ko oho.

Lissafin lokaci ta baya ake yin sa

Yawanci cewa ake yi, "Mu haɗu ƙarfe biyar," saboda shi ne lokacin da ya yi wa kowa daidai. Ba wanda ya tambayi rana ko ita ma ya yi mata. Gyaran shi ne a fara duba lokacin faɗuwar rana na wannan ranar, kowace waya tana nuna shi, sannan a yi lissafi daga nan zuwa baya.

Akwai wani tsohon ma'auni da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau ana amfani da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Ɗauki hanya mai kilomita 6 zuwa da dawowa, da hawan mita 300. Tafiyar minti 72 ce, hawan minti 30, jimilla awa ɗaya da minti 42. Sai dai wannan lissafin mutum mai ƙwari ne wanda bai tsaya ko'ina ba. Ayarin mutum 20 da za a tsaya shan ruwa, a tsaya hoto, a jira wanda ke haki, ni dai rabi nake ƙarawa a kai. Ya zama awa biyu da rabi ke nan. In rana za ta faɗi 6:30, ƙarfe 4:00 ya kamata a ce ƙafa ta hau hanya. Wanda ya ce a haɗu ƙarfe biyar, tun daga gida ya shirya wa mutane saukowa cikin duhu.

Kada kuma hasken da ke saura bayan faɗuwar rana ya ruɗe ku. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya bai fi minti 20 zuwa 25 ba, a cikin kwari ko ƙarƙashin bishiyoyi ma tun kafin nan duhu ya rufe. In kuna kan hanya kuna son kintace, miƙa hannu gaba sosai, ka jera yatsu tsakanin rana da inda za ta faɗa. Kowane yatsa kamar minti 15 ne.

Abin da ya fi wuya shi ne lokacin juyawa. A sa shi tun a ƙasa, a faɗa kowa ya ji: ƙarfe kaza muna juyowa, ko mun kai ƙololuwa ko ba mu kai ba. Idan lokacin ya yi, za a samu wanda zai ce, "Haba shugaba, ga shi can fa, saura ƙiris." Ƙiris ɗin nan a kan dutse minti 20 ne, kuma daga hasken saukowa za a cire shi. Masu makara su ma a daina jiransu. A rubuta lokacin haɗuwa daban, lokacin tashi daban, in lokacin tashi ya yi a tashi. Sau ɗaya aka bar mutum, mako mai zuwa shi zai riga kowa.

Wanda ke ƙarshen layi

Jagora ɗaya ba ya isa. Biyu ake buƙata: ɗaya a gaba wanda ba a wuce shi, ɗaya a baya wanda ba ya wuce kowa. Na bayan nan kada a ɗora wa wanda ya fi kowa rauni don dama can a baya yake. Gogagge ake sa wa, mai haƙuri, kuma shi zai riƙe jakar magani, domin duk wanda ya samu matsala, na baya ne zai iske shi. A ƙirga mutane kafin a tashi, a ƙirga a wurin juyawa, a ƙirga a ƙasa. A kowace mararraba a tsaya sai na baya ya ɗaga hannu. Da mun yi wannan kaɗai, da mai jar hula yana cikinmu.

Akwai wata ƙeta da ake yi ba da niyya ba. Na gaba su yi nisa, su samu inuwa su zauna, su sha ruwa, su huta minti goma. Na ƙarshe na isowa yana numfashi sama-sama, sai a miƙe, "To, mu je!" Wanda ya fi kowa buƙatar hutu shi ne bai samu ko minti ɗaya ba. Hutu daga lokacin da na ƙarshe ya iso ake fara ƙirga shi. In ma so samu ne, a sa mai nawar tafiya kusa da jagoran gaba, saurin ayari ya bi ƙafarsa.

Kafin a tashi a gaya wa kowa: in ka ga kai kaɗai ne, tsaya inda kake, kada ka shiga neman hanya. Usur ƙarami ya fi ihu kai wa nesa kuma ba ya dushe murya, busa uku a jere na nufin a kawo ɗauki. Sannan a bar wa wani da bai zo ba sunayen waɗanda suka fita, da hanyar da za a bi, da lokacin da in bai ji ku ba zai nemi taimako.

Sanarwar da ake turawa a guruf ita ma da laifinta. "Tafiya ce 'yar kaɗan, kowa zai iya." Sai ga mutum da silifas, wata da takalmin ofis, wani ba ko gorar ruwa. A rubuta kilomita nawa, hawa nawa, awa nawa, wane irin takalmi, kuma a ce rabin lita na ruwa ga kowace awa, fiye da haka in ana zafi. Mai asma ko ciwon suga ko sikila ya samu jagora a keɓe ya faɗa masa, ya kuma zo da maganinsa.

Tocilar waya ba fitila ba ce. Tana cinye cajin da za ka kira da shi, tana kuma kama maka hannu ɗaya a gangara, inda gajiya ta riga ta kama gwiwa kuma nan aka fi yin targaɗe. Fitilar goshi ta fi. Mai ita kuma ya daina haska fuskar mutane in yana magana da su: ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, haske ɗaya ya mayar da shi baya. Taswira a sauke ta cikin waya tun a gida, domin GPS, wato abin da ke nuna inda kake a taswira, na aiki ko ba sabis.

Hadari in ya haɗo, a sauka. Ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowane daƙiƙa uku kamar kilomita ɗaya ne, amma muddin kana jin tsawar to tana iya kai wa gare ka. Ba a fakewa a ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kuma sai minti 30 bayan tsawar ƙarshe ake sake fita fili. Maciji kuwa, in ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe ko agogo kafin kumburi, a hana wurin motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Aikin da ba a tambayi masu shi ba

Mun taɓa kwashe Asabar guda muna fentin katangar wani gidan marayu. Muka yi kaca-kaca da fenti, muka yi hotuna, muna ta jin daɗin kanmu. Da za mu tafi, matar da ke kula da gidan ta yi ta godiya, sannan a hankali ta ce, "Da ma ƙofar banɗakin 'yan mata ce ta karye tun bara." Kuɗin fentin da ya yi ƙofa uku. Ba mu tambaye ta ba, ita kuma kunya ba ta bar ta ta ce wa masu kyauta ga abin da take so ba. Yanzu mutum biyu muke turawa mako biyu kafin aiki, ba kyamara, su zauna su ji. Kuma ba a cewa, "Muna so mu yi muku fenti, kun yarda?" Kowa zai ce ya yarda. Cewa ake yi, "Me ya fi damun ku a watan nan?"

Maganar hoto kuwa, na san ƙungiya na buƙatarsa don masu ba da tallafi su ga inda kuɗinsu ya shiga. Amma jera mabuƙata a sa su riƙe kaya suna kallon kyamara, wannan biyan kyauta ne da mutunci. A ɗauki aikin da masu yin sa. Fuskar babba sai da izininsa, ta yaro sai da izinin mai kula da shi, kuma wanda ya ce a'a kada rabonsa ya ragu.

A aikin gayyar tsafta, tambayar da ake mantawa ita ce ina sharar za ta. An yashe kwata, an tara a bakin titi, ba motar kwashewa, ruwa ya zo ya mayar da ita inda aka ciro ta. Wasu kuma su cinna mata wuta, unguwa ta sha hayaƙin leda. A gama magana da masu kwashe shara kafin a sa rana. Safar hannu mai kauri dole ce, allura ko fasasshen gilashi kuma a cikin gora mai tauri ake sa su, ba a buhu ba, don wanda zai saɓa buhun.

Dashen bishiya ya fi kowane aiki daɗin hoto, ya kuma fi saurin mutuwa. Gara 30 da aka san wanda zai ba kowace ruwa ya kuma kare ta daga dabbobi, da 500 da aka dasa aka watse. A koma bayan shekara a ƙirga masu rai, wannan adadin ne za a sa a rahoto.

In gangamin ba da jini ne, a sanar tun wuri cewa a yawancin wurare sai mai shekara 18 zuwa sama da nauyin aƙalla kilo 50, kuma ma'aikatan lafiya ne ke tantancewa. Kimanin mililita 450 ake ɗiba, jiki na son ruwa da hutu a ranar. Na taɓa ganin kalandar da ta sa ba da jini da safe, hawan dutse da yamma, wai don a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Jiri a kan gangara ba abin wasa ba ne, a raba musu rana.

Kuɗi kuwa gajeriyar magana ce: kada ya shiga asusun mutum ɗaya, mutum biyu su sa hannu kafin a cire, kowane rasit a ɗauke shi hoto a tura guruf kafin a kwanta.

Sai mutum huɗun nan da kowace ƙungiya ke da su, su ne ɗaukar kaya, su ne kiran waya, su ne wanke bokiti, suna ƙorafin ba mai taimaka musu alhali ba su taɓa sakin komai ba. Sabon shiga ya zo ya tsaya riƙe da tsintsiya, ba wanda ya ce masa ci kanka, ya koma gida. Kafin ranar aiki a rubuta ayyuka da suna a gaban kowanne, sabo kuma a haɗa shi da tsoho ɗaya wanda zai riƙe sunansa da lambarsa, ya kira shi washegari.

A Rotaract da Leo shekarar aiki 1 ga Yuli take farawa, sababbin shugabanni su karɓa, kuma sau da yawa abin da aka koya yana tafiya da tsofaffin. Mu littafi ɗaya muka saya mai bango mai tauri. Bayan kowace fita sakatare ya rubuta hanyar da aka bi, awa nawa ta ci, mutum nawa suka tashi, nawa suka dawo, wa aka yi magana da shi a wurin aiki, me aka yi alkawari ba a cika ba. A shafin farko akwai zanen wata mararraba da kibiya mai nuna dama.