An Soke Takardar Tsaro, Amma Wayarka Ba Ta Ji Cigiyar Ba

Duk wanda ya taɓa cinikin saniya a kasuwar Maigatari ya san takarda kaɗai ba ta wadatar ba. Ga hatimi, ga sa hannu, alhali saniyar ta sata ce, tuni mai ita ya ba da cigiya. Takardar shaidar tsaro ta shafin intanet ma haka take. In aka sace mabuɗin sirrin shafi, kamfanin da ya ba da ita zai soke ta tun wa'adinta bai cika ba. To, wa zai gaya wa wayar mai shiga shafin?

Samarinmu masu buɗe wa ƙungiyoyin manoma da makarantun Islamiyya shafuka sukan ɗauka da an soke takarda, shi ke nan. Ina! Tsohuwar hanya, CRL, jerin lambobin takardun da aka soke ne, kamar sanarwar da ake mannawa a ƙofar gidan hakimi. Sai burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ta sauke shi ta duba. Bayan ɓarakar Heartbleed ta Afrilun 2014, wata kafa a manhajar tsaron shafuka da ke iya fallasa mabuɗan sirri, an soke takardu rututu, jerin ya yi ta kumbura. Mai sayen data ta ɗari biyu ya san zafin wannan.

Wata hanyar kuwa, OCSP, burauza ce ke tambayar kamfanin da ya ba da takardar kai tsaye, kamar buga wa hakimin waya ne: "Ranka ya daɗe, takardar wane tana nan daram?" Tambaya gajera, amsa gajera. Amma a nan ramin yake, musamman gare mu da sai an hau tudu ake samun sabis. Idan amsa ba ta zo ba, burauza ba ta tsayawa, sai ta buɗe shafin salin-alin kamar an ce mata lafiya lau. Ɓarawon da ya iya tare maka hanya kuwa, tare tambayar ba zai gagare shi ba. Ga kuma tonon asiri, don kamfanin na ganin wane shafi kake shiga. Tun 2012 Google ya sanar cewa Chrome zai daina wannan tambayar, ya koma tura nasa taƙaitaccen jerin, CRLSets. Firefox kuma na amfani da CRLite, wanda ke dunƙule jerin ya ajiye a na'ura. Ke nan wanda ya hana burauzarsa sabuntawa don tattalin data, tsohuwar cigiya yake riƙe da ita. A bar ta ta sabunta, ko da sai ranar kasuwa in an shiga gari.

Akwai hanyar da ake kira stapling, inda sabar shafin kanta, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, ke karɓo amsar OCSP mai sa hannu ta liƙa wa takardar, mai shiga ba sai ya tambayi kowa ba. A ganina ta fi sauran dacewa da ƙauye, sai dai a duba wa ya ba da takardar. Let's Encrypt, mai ba da irin waɗannan takardu, ya cire adireshin OCSP daga takardunsa a Mayun 2025, ya rufe hidimar a Agusta. Mai takardarsu da ke amfani da manhajar saba ta Nginx, in har yanzu ya bar layin ssl_stapling na wannan liƙin a kunne, gargaɗi kawai zai riƙa tarawa. A goge layin. Neman takarda mai sharaɗin Must-Staple, wato wadda dole sai an liƙa mata amsar, a wurin Let's Encrypt ma yanzu ba ya karɓuwa.

Inda aka dosa shi ne gajarta rayuwar takardar. Ta Let's Encrypt an san ta da kwana 90, kuma a Afrilun 2025 dandalin CA/Browser, na masu ba da takardu da masu burauza, ya amince a rage iyakar kowace takarda zuwa kwana 47 daga Maris 2029. Mai sabuntawa da hannu ya sa manhajar Certbot ta riƙa yi masa.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici: a sace mabuɗi, a soke takarda, sannan a nemi sabuwa da wancan mabuɗin dai. An canza ƙofa an mayar da tsohon kwaɗo. Fara ƙirƙirar sabon mabuɗi, ka ɗora sabuwar takarda, sannan wajen soke tsohuwar ka bayyana cewa mabuɗin ne ya fita.