Sabon Zuwa Ingila: Neman Mashawarcin da Zai Gane Halin da Kake Ciki

Damuwa kan kama baƙo ne bayan ɗokin zuwa ya lafa. Hunturu ya shigo, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, barci ya ƙi zuwa, ga waya daga gida ana jiran aike. Idan abin ya kai ka ga neman mashawarci, wato ƙwararren da ke magance damuwa ta hanyar tattaunawa, kada ka ɗauka duk wanda aka haɗa ka da shi ya wadatar.

Ɗauki mai aikin kula da tsofaffi wanda bizarsa ke rataye a wuyan kamfanin da ya kawo shi. In aka sallame shi, galibi kwana 60 ake ba shi ya samo wani mai ɗaukar nauyi ko ya tattara kayansa. Shugabarsa na tauye masa awoyi, wani dattijon da yake wa wanka na zaginsa saboda launin fata, shi kuwa ya yi gum don tsoro. Wani mashawarcin zai ce masa tunaninsa ne ke zuzuta abin, ya koyi jan numfashi. Jan numfashi na da amfani, amma tsoron mutumin nan yana da tushe. Mashawarcin da ya san zalunci yakan sanya biza, wariya, talauci da matsin aiki cikin lissafin ciwon, ya taya ka rarrabe abin da ke hannunka da wanda tsari ya ɗora maka, har ya nuna maka ƙofar ƙungiyar ƙwadago ko ofishin Citizens Advice, masu ba jama'a shawara kyauta. Wannan fahimta ta daɗe. Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Martinik da ya kama aiki a asibitin Blida na Aljeriya a 1953, ya lura cewa mulkin mallaka kansa yana jefa mutane cikin ciwo. A Ingilar yau ma, alƙaluman hukuma sun nuna ana tsare baƙaƙen fata a asibiti ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 fiye da ninki uku na yadda ake tsare farare.

Hanyar kyauta ita ce NHS Talking Therapies, sashen magance damuwa ta tattaunawa na NHS, hukumar lafiya ta gwamnati. Ka fara yin rajista da likitan unguwa, wanda ake kira GP. Ba a biyan ko kwabo, kuma ƙa'ida ba ta ce sai ka nuna takardar zama ba. Daga nan kana iya miƙa sunanka da kanka ta intanet. Akwai jira, wani lokaci na watanni. In Turanci na yi maka nauyi ka nemi tafinta, kyauta ne, kuma kada ka yarda ɗanka ko matarka su zama tafinta a irin wannan zama.

Mai hali yana iya biya, yawanci daga fam 50 zuwa sama kowane zama. A nan sai a yi hattara, domin doka ba ta hana kowa kiran kansa mashawarci ba. Duba sunansa a rajistar BACP ko UKCP, ƙungiyoyin ƙwararrun wannan sana'a. Ƙungiyar BAATN na da jerin ƙwararru 'yan asalin Afirka da Asiya, MCAPN kuma na Musulmi. Mazauna arewacin Landan su tambayi cibiyar Nafsiyat, wadda Jafar Kareem ya kafa a 1983 don mutanen da suka fito daga al'adu daban-daban.

Zaman farko kai ma tantance shi kake yi. A gida an saba wa likita faɗa mara lafiya ji, to a nan ka buɗe baki. Ya taɓa aiki da baƙi masu matsalar biza? Me zai ce in ka gaya masa salla da addu'a ne ke riƙe da kai, ko kana zuwa ruƙiyya? Ka lura da fuskarsa sa'ad da ka ambaci kuɗin da kake tura wa iyaye. Wanda ya yi saurin cewa dangi na cin guminka, ka yanke su, bai san zumunci ba. Shi ma wanda ya ce ki yi haƙuri kawai, haka al'ada take, ko da mijinki na dukanki, bai yi miki adalci ba.

A ganina launin fata ko addini ɗaya ba tabbaci ba ne. Akwai Baturiyar da za ta saurare ka da kyau ta yi karatu a kan abin da ba ta sani ba, akwai ɗan'uwa da zai mayar da zaman wa'azi. Wasu ma sun fi sakewa da bare, gudun kada a haɗu a masallacin Juma'a. Ko wane ne, tambaye shi iyakar sirri tun farko: yakan buɗe magana ne idan rai na cikin haɗari ko ana cutar da yaro. In an yi zama biyu ko uku kana fita da ƙunci na rashin fahimta, ka nemi a canja maka wani, ko a NHS ɗin ma ana yi.

Wanda kuwa abin ya yi wa tsanani har yana tunanin hallaka kansa, kada ya tsaya jiran layi. Ya kira 111 ya zaɓi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ko Samaritans, ƙungiyar masu sauraron wanda ke cikin ƙunci, a 116 123, dare da rana. In rai na cikin haɗari nan take, 999.