Yadda ake sa libcurl ya faɗi abin da ke damunsa

Manhajarka ta ƙi haɗuwa da sabar, ba abin da take jefo maka sai wata lamba, ko 35 ko 60. A nan ne masu aiki da libcurl, laburaren sadarwa (tarin lambobin da manhajoji ke kira don magana da sabar) da Daniel Stenberg ɗan ƙasar Suwidin yake jagoranta, sukan garzaya su sake harhaɗa shi, wato su sake gina shi daga lambobin tushensa, da zaɓin --enable-debug. Sau da yawa wahalar banza ce. Akwai bayanin da ake kunnawa manhaja tana cikin aiki, akwai kuma zaɓin da ake yankewa tun ranar harhaɗawa, kuma na farkon ne ke warware akasarin matsaloli.

Mataki na farko: ka san laburaren da ke hannunka

Buga curl -V a tagar umarni. Layin farko zai nuna sigar curl, manhajar umarnin da ke aiki da libcurl, da laburaren TLS (tsarin ɓoye sirrin sadarwa) da aka haɗa shi da shi, kamar OpenSSL ko GnuTLS. Layin Protocols yana jera ka'idojin sadarwar da ya iya, layin Features kuma zai gaya maka ko akwai HTTP2 ko IPv6 a ciki. Umarnin curl-config --configure yana nuna zaɓuɓɓukan da aka bayar lokacin harhaɗawa.

Amma a yi hattara. Ba lallai ne curl ɗin da ka buga ya zama yana amfani da libcurl ɗaya da manhajarka ba, musamman a kwamfutar da aka girka kwafi biyu. A Linux, duba da umarnin ldd ka ga wane fayil ɗin libcurl manhajar take ɗauka. Mafi tabbas ma, ka kira curl_version_info daga cikin manhajar kanta.

Mataki na biyu: kunna bayani

Saka CURLOPT_VERBOSE a kan 1L ta hanyar curl_easy_setopt. Nan take laburaren zai fara zuba bayani a stderr, wato mafitar saƙonnin kuskure, kowane layi da alamarsa a gaba. Tauraro na nufin curl ne ke ba da labarin abin da yake yi, alamar > kanun saƙon da ya aika ne, alamar < kuma amsar da sabar ta dawo da ita.

Layin tauraro na ƙarshe kafin a tsaya shi za ka fi zuba wa ido. Idan ba a kai ga samun adireshin IP ba, matsalar neman suna ce, lamba 6. Idan an samu adireshi amma haɗi ya ƙi, lamba 7 ke nan. Idan ana tsakiyar musabahar TLS aka watse, 35. Ita kuwa 60 tana nufin ba a amince da takardar shaidar sabar ba, kuma don Allah kada ka kashe tantancewa don kawai kuskuren ya ɓace. Ka gyara tarin takardun shaidar da curl yake dubawa.

Ka haɗa da CURLOPT_ERRORBUFFER. Ma'aji ne mai girman CURL_ERROR_SIZE, wato bayit 256, kuma saƙon da ke faɗawa cikinsa ya fi na curl_easy_strerror fayyace abin da ya faru.

Mataki na uku: karkatar da bayanin inda kake so

Manhajar da ba ta da tagar umarni tana buƙatar CURLOPT_DEBUGFUNCTION. Da shi za ka ba laburaren wani aiki (function) da ka rubuta, wanda zai riƙa karɓar kowane guntun bayani tare da nau'insa, kamar CURLINFO_TEXT ko CURLINFO_HEADER_OUT. Abu biyu ke kayar da mutane: ba ya aiki sai CURLOPT_VERBOSE na kunne, sannan bayanan ba sa ƙarewa da bayit ɗin sifili mai nuna ƙarshen rubutu, don haka sai ka yi amfani da tsawon da aka ba ka. Kuma kanun Authorization da kukis suna fitowa ƙuru-ƙuru. Ka goge su kafin ka tura wa wani fayil ɗin.

Mataki na huɗu: sake harhaɗawa, in ta kama

Yanzu ne za a taɓa configure, umarnin da ake ba wa zaɓuɓɓukan harhaɗawa, kuma sai da dalili. Lamba 1 na nufin ba a saka wannan ka'idar sadarwa a ciki ba, lamba 4 kuma wata dama ce aka bari a waje. Idan ka kunna bayani amma layukan tauraro ba su fito ba, kuma curl_easy_strerror ba ya cewa komai sai "Error", to da --disable-verbose aka harhaɗa shi. Masu ƙananan na'urori suna yin haka don rage girman fayil.

Sauke tushen curl, ka buga ./configure --with-openssl --with-nghttp2 --prefix=$HOME/curl-gwaji, sannan make da make install. Tun daga siga 7.77.0 ta 2021, dole ne ka ambaci laburaren TLS da kanka, configure ba ya zaɓa maka. Kundin curl-gwaji da ka ba wa --prefix yana hana ka taka laburaren da sauran manhajoji suka dogara da shi. Nuna wa manhajarka hanyarsa da LD_LIBRARY_PATH, ka sake duba ldd.

Shi kuwa --enable-debug, na masu farautar kuskure a cikin curl kansa ne, waɗanda za su bi lambobinsa layi-layi da gdb, manhajar bin diddigin kuskure. Idan ka kunna shi, kalmar Debug za ta bayyana a layin Features, kuma irin wannan harhaɗin ba a kai shi kan sabar da jama'a ke amfani da ita.