Kurakuran da sababbin marubuta suka fi yi a littattafan kisan kai da rikicin iyali

Na gaji da buɗe rubutun sabon marubuci in tarar da gawa a shafin farko, jini har bango, sannan in kai shafi na ɗari ban san ko wace ce aka kashe ba. A 'yan shekarun nan an turo mini rubuce-rubuce da dama don in duba, kuma galibinsu jigonsu ɗaya: kisan kai, sirrin da aka binne tun yarinta, uba da ɗa da ba sa ga-maciji. Marubutan daban-daban ne, amma rami ɗaya suke faɗawa, kuma ni ma na faɗa cikinsa kafin su. Don haka ba zan yi rufa-rufa ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne mayar da wahalar yarinta hujjar kisa. A littafina na biyu na ƙirƙiri makashi, na ɓoye dalilinsa har kusan ƙarshe, sannan na ware babi guda na waiwaye: ga shi yana ɗan shekara bakwai, uba na dukansa, yana kulle shi a ɗaki mai duhu. Daga nan sai na dawo da mai karatu kan gawa, kamar in ce masa to ka ga dalili. A lokacin gani nake na yi zurfin tunani. Bayan littafin ya fito, wata mata da ta girme ni nesa ba kusa ba ta tare ni bayan wani zaman karatu, ta ce, "Malam, abin da aka yi wa yaron nan an yi mini wanda ya fi shi. Na yi renon 'ya'ya huɗu ban taɓa ɗaga wa ɗayansu hannu ba. Littafinka kuwa cewa yake irina ba su da wata makoma sai ta'asa." Ban sami abin ce mata ba, kuma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Na ɗauki ciwon mutane na gaskiya na yi amfani da shi a matsayin makullin warware labari, kuma abin da na faɗa ma ba gaskiya ba ne. Binciken da Cathy Widom ta wallafa a Amurka a 1989, wanda ya bi diddigin yaran da aka ci zarafinsu har suka girma, ya nuna cewa cin zarafi yana ƙara haɗarin faɗawa cikin laifi, amma mafi yawan waɗannan yaran ba a taɓa kama su da laifin tashin hankali ba. Da na san haka tun farko da ban rubuta wannan babin ba.

Abin da nake yi yanzu, kuma ɗabi'ata ce ba doka ba, shi ne in ba makashin ɗan'uwa ko 'yar'uwa da suka tashi gida ɗaya, suka sha duka ɗaya, amma shi bai kashe kowa ba. Da zarar wannan ɗan'uwan ya shigo labari, hujjar yarinta ta rushe, dole in nemo ainihin abin da ya raba su. Sannan ina rubuta aƙalla wurare uku da makashin yake da damar juyawa bai juya ba: ranar da aka ba shi haƙuri ya ƙi karɓa, ranar da ya yi ƙaryar farko ta wuce lafiya, daren da ya tsaya a bakin ƙofa yana iya komawa. Babin waiwaye kuwa na daina shi gaba ɗaya. Abin da ya wuce ina barbaɗa shi ne cikin halin mutum na yau. Ba ya zama sai yana fuskantar ƙofa. Ƙarar makulli tana katse masa magana. Yana ƙirga kuɗin aljihunsa sau uku kafin ya kwanta. Mai karatu ba yaro ba ne, zai haɗa da kansa.

Na biyu, wanda shi ma ya sa na zubar da aikin shekara biyu, shi ne mantawa da wanda aka kashe. Na taɓa kammala daftari mai shafi sama da ɗari biyu, wani abokin aiki ya karanta ya yi mini tambaya ɗaya: yarinyar nan da aka kashe, me ke ba ta dariya? Ban sani ba. Na san launin rigarta, na san inda wuƙar ta shiga, amma ban san ta ba. Shi ya sa kukan uwarta a littafin bai taɓa zuciyar kowa ba. Ku daina yi wa matattu haka. Ku daina kawo mace kyakkyawa, marar laifi, marar magana, ku kwantar da ita a shafin farko don kawai jami'in bincike ya sami abin yi. Tun daga lokacin, kafin in rubuta kisan, sai na rubuta shafi goma na wata rana tata da babu abin da ya faru a cikinta: wa take bi bashi, wa ta ɓata wa rai, wane alkawari ta saɓa, me take shirin yi mako mai zuwa. Shafukan nan ba sa shiga littafi, amma ƙamshinsu yana shiga. Kuma kada ku mayar da ita waliyyiya. Mutumin da ke da aibu shi ake kewa da gaske, domin waɗanda ya bari suna kuka ne haɗe da haushin maganar da ba su ƙarasa da shi ba.

Wannan ya kawo ni ga baƙon makashi, mai fitowa daga duhu ba dangin iya ba na baba. Sababbin marubuta suna son sa saboda yana sauƙaƙa musu aiki, ba sai sun zargi kowa a cikin gida ba. Amma alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 sun nuna an kashe mata da 'yan mata kusan 85,000 da gangan a faɗin duniya, kuma kimanin 51,100 daga cikinsu, wato kashi 60 cikin ɗari, abokan zamansu ne ko danginsu suka kashe su. Hatta shari'ar kisa ta farko da aka warware da zanen yatsa, a Ajantina a 1892, uwa ce ta kashe 'ya'yanta biyu ta ɗora wa wani maƙwabci, sai shatin yatsanta na jini a jikin ƙofa ya tona ta. In kana rubuta iyali mai tsami kuma ka ɗauko makashi daga waje, ka raba littafinka gida biyu, kowanne na tafiya shi kaɗai.

Sai maganar 'yan gida ɗaya. Nan ne nake ajiye rubutu in tashi in zagaya don takaici. Za ka ga an rubuta: "Baba, na tsane ka domin ka yi watsi da mu shekara ashirin da suka wuce, ka bar Mama cikin wahala." Wa yake magana haka? Duk wanda ya zauna a gidan da ake da tsohon ciwo ya san ciwon shi ne abu ɗaya da ba a ambata. Ana zagaye shi ne kamar rijiya a tsakar gida. Ɗa zai ce, "Baba, an gyara maka fitilar?" uban ya ce, "Yayanka ya gyara," kuma a cikin kalmomin nan uku an gaya masa waye ɗan kirki, waye wanda ya gudu. Faɗan iyali yana fitowa ne a kan abin da bai kai ya kawo ba: wa ya riƙe makullin ɗakin marigayiya, wa aka fara kira da aka kai tsoho asibiti. Ni dabarata ita ce in rubuta abin da kowa ke son faɗa ƙarara a wata takarda dabam, sannan in hana su faɗar ko ɗaya a cikin fitowar. Sulhun bakin mutuwa kuma, inda uba ke neman gafara yana numfashin ƙarshe kowa ya rungumi kowa, a bar shi haka nan. Ƙiyayyar shekara talatin ba ta narkewa a shafi ɗaya. In za a sami sauƙi, ya zo ƙarami: 'ya ta ɗaga wayar da ta saba ƙin ɗagawa.

Game da gawa, jahilci ne kawai da karatun awa biyu zai magance. Gawa ba ta sandarewa nan take. Takan fara ne bayan awa biyu zuwa shida, daga muƙamuƙi da wuya, ta kai maƙura wajen awa goma sha biyu, sannan ta saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma zafi yana gaggauta duk wannan. Jini yana taruwa a ɓangaren jikin da ke ƙasa ya bar tabo mai duhu, wanda ke kafuwa bayan awa takwas zuwa goma sha biyu, don haka in an juya gawa daga baya tabon zai fallasa. Wannan kyauta ce ga marubuci, amma kaɗan ke amfani da ita. Likita kuma ba ya cewa an kashe shi ƙarfe tara da minti goma, tazara yake bayarwa ta wasu awanni. Jinin da ya kwana ba ja ba ne, ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Wanda aka buga wa abu a ka ya suma na awa guda ba zai miƙe ya bi ɓarawo da gudu ba, ƙwaƙwalwarsa ta sami mummunan rauni.

Gwajin DNA ma, wato gano mutum ta ƙwayoyin halittarsa, ana wasa da shi. Alec Jeffreys ya gano hanyar ne a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1984, aka fara amfani da ita a binciken kisa a 1986, to kada ka sa ta a labarin da ya faru kafin nan. Abin lura, aikinta na farko a wannan shari'ar wanke wani matashi ne da ya riga ya amsa laifin da bai yi ba. Ku riƙe wannan, masu rufe littafi da "na amsa, ni na kashe ta" kamar amsa laifi shi ne ƙarshen gaskiya.

Haka ganau. Kuna sa mutum ya tuna daren da ya wuce shekara ashirin, da launin takalmi da ƙarfe nawa. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa mutane hoton bidiyon haɗarin mota, suka tambayi wasu da kalma mai zafi irin ta ragargajewa, wasu da kalma mai sauƙi. Waɗanda aka tambaya da mai zafin sun ƙiyasta gudu mafi yawa, kuma bayan mako guda sun fi yawan cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi. Tunani yana canzawa da yadda aka tambaye shi. A littafin iyali wannan dukiya ce: 'yan'uwa biyu su tuna dare ɗaya ta hanya biyu, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Sauran ƙanana ne. Makashi ya tsaya yana bayanin shirinsa ga wanda zai kashe, a goge. Jami'in bincike mai shaye-shaye da matarsa ta gudu, an gaji da shi. Tagwaye da ba a ambata ba sai babin ƙarshe, cin amanar mai karatu ne. Mafarki a matsayin hujja, a'a. Bayanin azabtarwa shafi uku, rage shi zuwa layi uku, sauran wurin ka ba wanda zai wanke ɗakin washegari, domin 'yan sanda suna ɗauke gawa ne su tafi, kuma sau da yawa wani daga cikin dangi ne ke durƙusawa da bokiti da tsumma. Ban taɓa ganin sabon marubuci ya rubuta wannan safiyar ba, ni kuwa yanzu da ita nake fara kowane daftari, in ga wa ya ɗauki bokitin, wa ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga.