Yadda na gyara rubutun da na yi a jikin bango

Wallahi rubutun nan ya ba ni wahala, na ɗauki buroshi na hau zana haruffa kai tsaye ban auna komai ba, ina zuwa ƙarshen layi sai ga wuri ya ƙare, haruffa ukun ƙarshe duk a matse kamar an cusa su dole, ga layin ya karkace. Sai da na ja baya na hango abin tukuna na ga ɓarnar.

Shafe shi na yi da fentin bangon har sau 2, na bari ya bushe sosai. Sannan na goga alli a jikin zare na ɗaure shi gefe da gefe, na ja na saki ya buga min layi miƙaƙƙe, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na ƙirga haruffan na fara daga tsakiya zuwa gefe, da alli tukuna. Ashe ba tazara ɗaya ake ba kowane harafi ba, A da O matso da su ake yi, H da I kuwa sai an ba su fili.

Fentin da ke kurɗawa ƙarƙashin salatif ɗin da na manna a gefen haruffan kuma, launin bangon na fara shafawa a bakin salatif ɗin ya toshe ramukan, ya bushe sannan na sa baƙin fentin haruffan. Tun bai gama bushewa ba na ɓare, gefen haruffan ya fita tsaf.