Kurakuran da Masu Bincike a Jami'o'inmu Suka Fi Yi Wajen Kare Ƙirƙirarsu da Kai Ta Kasuwa

Kowace shekara ana kammala bincike mai amfani a jami'o'in Najeriya, tun daga injin casar hatsi da haɗin magani har zuwa manhajar kwamfuta, amma kaɗan ne ke isa hannun manomi ko ɗan kasuwa, kuma ko a cikin kaɗan ɗin ba kasafai mai ƙirƙirar ko jami'arsa ke ganin ko kwabo ba. An saba ɗora laifin kan ƙarancin kuɗi da mutuwar masana'antu, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai na gaji da ganin sababbin masu bincike suna zubar da haƙƙinsu da hannunsu tun kafin maganar kuɗi ta taso, suna maimaita kurakuran da na gaba da su suka yi.

Babban kuskure, wanda ba ya gyaruwa idan an tafka shi, shi ne wallafa bincike kafin a shigar da buƙatar takardar mallakar ƙirƙira, wato takardar da hukuma ke bayarwa don hana wasu kwaikwayon abin ba da izini ba. Dokar da ke kula da wannan fanni a Najeriya, wadda aka yi a 1970, ta gindaya sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo, ya zama an yi ƙwaƙwalwa wajen fito da shi ba abin da duk masanin fannin zai hango ba, kuma ya yiwu a yi aiki da shi a masana'anta. Sabo a wajen doka yana nufin ba a taɓa bayyana wa jama'a shi ba, a ko'ina cikin duniya, ta rubutu ko ta baki ko ta amfani da shi, kafin ranar da aka shigar da buƙata. Doka ba ta ware wa mai ƙirƙirar kansa uzuri ba. Maƙalar da malami ya aika wa mujallar bincike, jawabin da ya yi a taron ƙara wa juna sani, kundin ɗalibinsa da aka ɗora a rumbun jami'a na intanet, hirar da ya yi da gidan rediyo, bidiyon da ya sa a Facebook yana nuna yadda injin ke aiki, kowanne daga cikinsu ya isa ya kashe sabuntar abin. Sassaucin da dokar ta yi ɗan ƙarami ne, ya shafi baje koli na ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, cikin watanni shida kafin shigar da buƙata, kuma bikin baje kolin tsangaya ko na ranar yaye ɗalibai ba ya cikin wannan.

Masu karance-karance sukan kafa hujja da Amurka, inda ake ba mai ƙirƙira shekara guda bayan ya wallafa. Su duba abin da ya sami Stanley Cohen na Jami'ar Stanford da Herbert Boyer na Jami'ar Kaliforniya, waɗanda suka gano hanyar dasa ƙwayar gado daga wata halitta zuwa wata. Sun wallafa aikinsu a Nuwamba 1973, ba a shigar da buƙata ba sai Nuwamba 1974, ana dab da cikar wa'adi. Sun tsira da Amurka, amma damar Turai da sauran ƙasashen da ba su da wannan sassauci ta riga ta wuce.

Wannan kuskure ya taɓa cin ni da abokan aikina. Mun daɗe muna aiki kan na'urar busar da tumatir da tattasai da hasken rana, kuma abin da ya bambanta tamu da sauran shi ne tsarin zagayawar iska a cikinta. Ɗaya daga cikinmu, da lokacin ƙarin girmansa ya matso kuma maƙalunsa ba su cika ba, ya aika da takarda wani taro ɗauke da cikakken zane da awo, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Da wani kamfani ya nuna sha'awa daga baya, lauyansa bai sha wahala ba wajen zaƙulo takardar a intanet, kuma a nan maganar ta mutu, domin babu ɗan kasuwar da zai biya kuɗi kan abin da abokin gasarsa zai kwaikwaya kyauta. Har yau abin yana yi mini ciwo, ba don masu walda sun ƙera irinta ba, wannan alheri ne ga manoma, sai don kuɗin da za mu inganta na'urar da su sun tafi, ta tsaya a yadda take. Ba na yi wa mai irin wannan gaggawa uzuri, ko da yake na san tsarin ƙarin girma, wanda ke ƙirga maƙalu, shi ke ingiza mutane. Shigar da buƙata ba ya hana wallafawa. Jinkirin 'yan makonni kawai yake jawowa, domin da zarar an sami ranar shigarwa da lamba, malami yana iya zuwa duk taron da ya ga dama. Abin da nake yi yanzu shi ne, babu maƙala ko kundi da ke fita daga hannun ɗalibina sai na tambaye shi ko akwai abin sayarwa a ciki. Idan akwai, sai mu fara zuwa ofishin kula da mallakar fasaha na jami'a, irin waɗanda NOTAP, hukumar tarayya mai kula da samowa da bunƙasa fasaha, ta soma kafawa a manyan makarantu da cibiyoyin bincike tun 2006, kuma mu nemi a jinkirta ɗora kundin a intanet har sai an shigar da takardu.

Wani zai ce shi ya wallafa, kuma duk da haka ya karɓi takardarsa daga Abuja. Haka ne, domin ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari cikar takardu yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne. Dokar da kanta ta ce ana bayar da takardar ba tare da tabbacin ingancinta ba, kuma Babbar Kotun Tarayya tana iya soke ta idan wani ya kawo hujjar cewa an riga an bayyana abin. Wanda ya riƙe irin wannan takarda ya gina gida ne a filin da ba nasa ba.

Kuskure na biyu da ke raba zumunci shi ne barin maganar mallaka a baki. Mu Hausawa muna jin nauyin cewa a rubuta, musamman tsakanin malami da ɗalibinsa ko tsakanin ƙaramin malami da shugaban sashe, sai a ce ai duk ɗaya ne, a bari sai abin ya yi kyau. Lokacin da abin ya yi kyau shi ne lokacin da ba a iya shiryawa. A doka, haƙƙin takardar yana hannun wanda ya fara shigar da buƙata, ko da ba shi ne ainihin mai ƙirƙirar ba, sai dai mai ƙirƙirar na da ikon a ambaci sunansa, kuma idan an ɗauke masa aikin ba da yardarsa ba zai iya neman a mayar masa, abin da ke buƙatar hujja. Haka kuma abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne, wato jami'a, ko da yake a wasu halaye doka ta ba shi haƙƙin sakayya mai dacewa. To, ina matsayin ɗalibin da ba ma'aikaci ba ne, shi ya biya kuɗin makarantarsa, amma ya yi aiki da kayan jami'a? Ina matsayin mai kula da ɗakin gwaji wanda shi ya kawo dabarar da ta warware matsalar? Me takardar tallafin da aka karɓa daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ko wata gidauniyar waje ta ce game da abin da binciken zai haifar? Yawancin malamai suna sa hannu a takardar tallafi ba su karanta wannan sashe ba, kuma wannan sakaci ne da bai dace da mai ilimi ba.

Ni dai kafin a taɓa kowane kayan aiki nakan sa a rubuta shafi guda: wane ne a cikin aikin, me kowa zai yi, me dokar jami'a ta ce kan rabon kuɗi, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa. Ina kuma dagewa kan littafin ɗakin gwaji mai ɗinki, ba warwatsattsun takardu ba, a rubuta da biro, a sa kwanan wata, wani abokin aiki ya sa hannu a ƙarshen mako. Sunan da ke kan takardar mallaka kuwa ba kyauta ba ne da ake yi wa manya don girmamawa. Na wanda ya ba da gudummawar tunani ne kawai. Idan tushen aikin ilimin mai maganin gargajiya ne, a sa shi a yarjejeniya tun farko. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, ta yi abin koyi a nan: maganin sikila na Niprisan, wanda masoro da kanumfari da dawa ke cikin haɗinsa, daga Rabaran Paul Ogunyale aka samo shi, kuma sunansa yana cikin masu ƙirƙirar a takardar da Amurka ta bayar a 1998, tare da na Farfesa Charles Wambebe da sauran masana.

Labarin maganin yana da wani darasin, na ba da lasisi. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin sarrafa shi shi kaɗai, aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006, kamfanin ya durƙushe a 2008, masu sikila suka shiga neman magani babu. Stanford kuwa ta ba kamfanoni sama da 400 lasisin fasahar Cohen da Boyer, babu wanda aka keɓe wa, kuma kafin wa'adin takardun ya ƙare a 1997 an tara kimanin dala miliyan 255. Ba a ce lasisin kamfani ɗaya haramun ba ne, domin magani yana cin kuɗi mai yawa kafin ya fito kuma mai zuba jari yana son kariya. Amma duk wanda zai bayar da shi ya rubuta a ciki lokacin da kaya za su shiga kasuwa, mafi ƙarancin abin da za a biya kowace shekara, yankin da lasisin ya shafa, da sharaɗin cewa haƙƙin zai dawo hannun jami'a nan take idan kamfanin ya gaza ko ya karye. Kafin ma a kai nan, kada a buɗe wa baƙon kamfani murfin inji sai ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri. A nuna masa abin da na'urar ke yi, a ɓoye yadda take yinsa.

Akwai masu karɓar takarda su sa ta a firam su rataya a ofis, su ɗauka aiki ya ƙare. Takardar tana aiki shekara 20 daga ranar shigar da buƙata, da sharaɗin biyan kuɗin sabuntawa duk shekara, kuma idan aka daina biya ta faɗi. Ba ta kuma ƙetare iyakar Najeriya. Wanda ke hangen kasuwar Maraɗi ko Garwa ko Njamena sai ya bi ta OAPI, ƙungiyar rajistar mallakar fasaha da ke Yawunde, wadda rajistarta guda ke rufe ƙasashe 17 har da Nijar da Kamaru da Chadi, Ghana kuwa tana cikin takwararta ARIPO, Najeriya ba mamba ba ce a ko ɗaya. Watanni 12 ne kacal mutum ke da su daga ranar shigarwa ta farko ya nemi kariya a waje, ko ya bi ta PCT, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta shigar da buƙata guda don ƙasashe da yawa, wadda Najeriya ta shiga a 2005, ya sami sararin da ya kai watanni 30 kafin ya zaɓi ƙasashe. Wannan sarari na neman mai saye ne, kuma idan ya ƙare ba a sami kowa ba, ban ga dalilin ci gaba da zuba kuɗi ba.

Sauran kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Ana fara bincike ba a duba Espacenet da Patentscope, rumbunan intanet na takardun mallakar ƙirƙira na duniya, ba, alhali kyauta ne, sai a shekara ana ƙirƙiro abin da wani ya yi rajistarsa tun tuni. Ana kai sabon irin shuka ofishin takardar mallakar ƙirƙira, alhali dokar 1970 ta cire shi, yana da tasa dokar ta kare irin shuka ta 2021. Ana manta rajistar sunan kaya da tambarinsa, wanda sau da yawa ya fi takardar ƙirƙira daɗewa yana kawo kuɗi. Ana ɗauka takardar mallaka izinin sayarwa ce, alhali magani ko abinci ba ya shiga kasuwa sai da lambar NAFDAC. Ana kuma yanka wa samfuri farashi gwargwadon wahalar da aka sha a kansa, a manta cewa mai saye zai sake kashe kuɗi wajen mayar da na'ura ɗaya da ta yi aiki a ɗakin gwaji zuwa dubu da za su jure ƙurar hunturu da hannun wanda bai taɓa karanta littafin bayaninta ba, kuma wannan lissafin yake yi tun kafin ya zauna a teburin ciniki.