Ga masu zuwa fatsar karfasa

'Yan'uwa, in karfasa kuke nema a tafki ko bakin dam irin na Tiga, ku rage girman ƙugiya. Bakinta ƙarami ne, in ƙugiyar babba ce sai dai karfasar ta tsattsage tanar ta tafi. Ni gutsuren tana nake sawa, daidai abin da zai rufe tsinin, in ɗaura totuwar kara a zaren kamar kamu ɗaya sama da ƙugiyar.

Ku sammako, ko ku bari sai bayan la'asar. Ku jefa kusa da ciyawa, can take kiwo. Ku watsa ɗan jiƙaƙƙen dusa tukuna, ku yi shiru. Ƙananan kuma, don Allah a mayar da su ruwa.